Ƙyamar Ilmin Baƙo Ita Ke Durƙusar Da Kamfani

Akwai wata cuta da ke kama ma'aikata a kamfanoni da ofisoshi, wadda akanta ba ya ganinta a littafinsa, amma ɓarnarta ba kaɗan ba ce. Cutar kuwa ita ce ƙyamar duk dabarar da ba a gida aka ƙago ta ba. Da zarar an kawo sabuwar hanyar aiki daga waje, sai a ji tsofaffin hannu suna cewa su da suka shekara ashirin a wurin babu baƙon da zai koya musu aikinsu.

A 1982 waɗansu masana biyu a Amurka, Ralph Katz da Thomas Allen, suka buga sakamakon nazarin da suka yi a kan ƙungiyoyi 50 na ma'aikatan bincike. Suka tarar cewa ƙungiyar da mutanenta suka haura shekara biyar tare takan rage tuntuɓar masanan waje, aikinta kuma ya shiga ja da baya.

Labarin kamfanin motoci na General Motors ya isa misali. A 1982 ya rufe masana'antarsa ta garin Fremont a Jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da yajin aiki da motoci marasa inganci. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar kamfanin Toyota na Japan, da sunan NUMMI. Akasarin waɗanda aka ɗauka aiki tsofaffin ma'aikatan nan ne, aka tura waɗansunsu masana'antar Takaoka a Japan su ga yadda ake yi. A da, doka ita ce kada layin harhaɗa mota ya tsaya ko ana ha-maza-ha-mata, in an yi kuskure a gyara daga baya. A tsarin Toyota kuwa an rataya igiya kusa da kowane lebura, in ya ga aibi ya ja, shugabansa ya zo, in ta kama a tsayar da layin. Ba a daɗe ba sai ga motocin Fremont sun shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors, alhali mutanen su ne na jiya.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Manajojin da suka koyi aikin a Fremont, da suka koma sauran masana'antun, ba su sami mai sauraronsu ba. A Van Nuys an gwada tsarin, ma'aikata suka ɗauka dabara ce ta rage su, manya kuma suka ƙi rabuwa da ikonsu. A 1992 aka rufe ta. Kamfanin da ya taɓa riƙe kusan rabin kasuwar motoci ta Amurka, a 2009 ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi. Gaskiya ne akwai waɗansu dalilai, kamar nauyin kuɗin fensho da karayar tattalin arziki ta 2008, amma shekarun da aka ɓata ana jayayya da darasin Fremont suna cikin lissafin.

Kuskure ne a ce jahilci ne ya kawo wannan turjiya. Tsoro ne. Ma'aikaci yana tsoron sabuwar dabara ta raba shi da abincinsa, manaja yana tsoron a ce abin da ya daɗe yana yi ba daidai ba ne. A Fremont an yi wa ma'aikata alkawarin ba za a sallame su ba sai in kamfanin ya shiga mawuyacin hali, shi ya sa suka saki jiki suka koya. Watau wanda ke son a karɓi ilmin waje, tilas ya fara kawar da wannan tsoro, ya kuma yaba wa wanda ya aro dabara mai amfani kamar yadda yake yaba wa wanda ya ƙago ta.

Ya kamata manyan ma'aikatan gwamnati su duba lamarin da idon basira. Jami'in da aka kashe kuɗin jama'a aka tura kwas, in ya dawo aka jefa rahotonsa a ƙasan fayil don shi ƙarami ne, an yi asara biyu, ta kuɗi da ta ilmi. Ɗalibai kuma su sani ranar da suka karɓi takardar shaida ba ita ce ranar gama koyo ba. Girman kai, in ji masu iya magana, rawanin tsiya ne.