GURGU MAI WALDA CINIKI YAKE NEMA, BA SADAKA BA

Duk wanda ya fito daga masallacin Juma'a, a Wudil ne ko a birnin Kano, ya san abin da zai fara cin karo da shi a bakin ƙofa: guragu da makafi a jere, kowa da ƙoƙonsa. Mai hamsin ya jefa, mai ɗari ya jefa, kowa ya kama gabansa yana ganin ya sauke nauyi. Juma'a ta zagayo a sake tarar da su inda aka bar su. An daɗe ana haka, har wasu suka ɗauka wai nakasa da bara Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Tun zamanin kakanni an san makafin ƙasar Hausa da tufkar igiya. A Kano kuma, Malam Aminu Ahmad Tudun Wada, wanda shan inna ya kama tun yana yaro, ya tara 'yan uwansa suka kafa ƙungiyar waɗanda cutar ta nakasa, suka buɗe wurin walda, suna ƙera keken guragu da hannunsu suna sayarwa. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar shan inna ta ƙare a Nijeriya, amma fa waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da ransu da iyalinsu, kuma da yawansu suna da sana'a. Abin da suka rasa shi ne mai saye.

To wane ne babban mai saye a ƙasar nan in ba gwamnati ba? Ita ke sayen bencin makaranta, da kayan 'yan makaranta, da zannuwan gadon asibiti, da ƙofofi da tagogi, har da tsintsiyar share ofis. Hatta keken guragun da ake rabawa ana ɗaukar hoto, da kuɗin jama'a ake sayensa. Ina dalilin da zai sa a ba ɗan kwangila ya sayo keken daga wata uwa duniya, a kira gurgun da ya iya ƙera shi ya zo ya karɓa yana godiya?

Ba dokoki aka rasa ba. A 2013 gwamnatin Kano ta yi dokar hana bara a kan titi. A watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta nemi a ba su aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Madalla. Amma kujerar ofis sai mai takarda, kuma gurgun da ke ɗinki a Ɗankaza, wanda ba a taɓa kai shi makaranta ba, wannan kashi biyar ɗin ba zai iso ƙofar gidansa ba. Ciniki ne kaɗai zai same shi a inda yake. In an hana mutum bara ba a buɗe masa kasuwa ba, yunwa kawai aka ƙara masa.

Ko a Amurka, inda komai sai da lissafin riba, tun 1938 suka yi doka cewa akwai kayan da ofisoshin gwamnatin tarayya za su riƙa saya daga wuraren sana'ar makafi, kuma da tsintsiya da abin goge ƙasa aka faro. A 1971 aka faɗaɗa ta ta haɗa da sauran masu nakasa mai tsanani. Daga baya har birukan rubutun ma'aikata da wasu kayan soja ta wannan hanya aka riƙa samo su. An kuma gindaya sharaɗi cewa kashi 75 cikin ɗari na ainihin aikin nakasassu ne za su yi shi.

Sai dai kada a ɗauko abin ido rufe. Su ma can an samu masu cin amana, an kuma daɗe ana biyan wasu nakasassu ƙasa da mafi ƙanƙantar albashi, sai a 2022 aka hana hakan a waɗannan kwangiloli. A nan ma, ranar da aka ware wa nakasassu kaso, za a ga masu ƙafa biyu sun yi rajistar ƙungiyoyin bogi da sunan guragu. Saboda haka dole a je a ga wurin aikin ido da ido, a san masu yin sa, a biya su kan kari. Kuma kaya in ba su yi kyau ba a mayar da su, domin saye don tausayi ma wata bara ce.

Ƙaramar hukumar Wudil za ta iya farawa ba sai ta jira Abuja ba. Ta ware wasu kaya, ko da bencin firamare ne da ɗinkin kayan ɗalibai, ta ce daga nakasassun yankin za a saya. Manyan makarantun garin, wato jami'ar kimiyya da fasaha da makarantar horar da 'yan sanda, su ma suna da abin saye.

Matasa kuma akwai jan aiki a gabansu. Su zaga Ɗankaza da Utai da Darki, su rubuta sunan kowane nakasasshe mai sana'a, su taimaka musu su yi ƙungiya mai rajista da asusun banki, sannan su raka su wurin kansila da takarda a hannu. Wanda kuma zai ɗinka riga ko ya gyara ƙofa, ya fara kai musu nasa aikin.

Ya kamata a tuna cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma Manzon Allah (SAW) aiki ya ba shi: ya sa shi ladanci, ya kuma sha barin sa yana jan salla a Madina idan ya yi tafiya. Al'ummar da ke karanta wannan tarihi bai kamata ta tsaya a jefa sulalla cikin ƙoƙo ba.

Allah Ya sa a gane, amin.