RA'AYINMU: Kada A Yi Gaggawar Zaunar Da Yaro A Benci

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sa kuɗinsa a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwa ya san gardamar da za mu yi magana a kanta yau. A nan Tamanrasset, inda Hausawan Agadas da Tawa da Damagaram da Maraɗi da Kano suke zaune suna neman halaliyarsu, haka kuma a Arlit da Ƙonni da Illela da Jibiya, yawancin ƙungiyoyin samari ba su da wani gata sai maigidan da ya saya musu riguna, ya biya kuɗin shiga gasa, ya kuma ɗauki nauyin ruwan sha da mota. A irin waɗannan ƙungiyoyi ne akan sami yaro ɗan shekara 16 ko 17 wanda kowa ya shaida ƙafarsa a wurin atisaye, amma da zarar an fito wasa sai raga ta gagare shi. Wasan farko shiru, na biyu shiru, a na uku kuma ya ɓarar da wadda shi kaɗai ne da gola. Daga nan 'yan kallo su fara ihu, maigida ya ja mai horaswa gefe, mako mai zuwa kuma yaro yana benci, wataƙila har gasar ta ƙare.

A ganin wannan jarida, sau da yawa wannan hukunci gaggawa ce tsantsa, kuma asararsa kan mai kuɗin take komawa.

Mu ɗauki misalin da babu mai sha'awar ƙwallo a yankinmu da bai san sunansa ba, wato Victor Osimhen na Nijeriya. A shekarar 2015 ya ci ƙwallo 10 a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Chile, ya zama wanda ya fi kowa ci. A farkon 2017 ya koma Wolfsburg ta Jamus. Shekara ɗaya da rabi ya yi a can, ya buga wasa 16, galibi daga benci ake sako shi, ga rauni ga rashin lafiya, kuma ko ƙwallo ɗaya bai ci ba. Har wasu ƙungiyoyi biyu na Beljiyam sun gwada shi a 2018 suka ce ba sa so. Da Charleroi ta karɓe shi aro a wannan shekarar, ta kuma riƙa sa shi a fili kowane mako, sai ya ci ƙwallo 20 a wasa 36. Sauran labarin sananne ne: Lille a 2019, Napoli a 2020, ƙwallo 26 da kofin gasar lig ta Italiya a 2023, sannan kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka a ƙarshen wannan shekarar. Ƙafar da ta kasa ci a Jamus ita ce dai ta ci a Beljiyam. Abin da ya sauya shi ne yawan mintunan da aka bar shi a fili, da kuma kwanciyar hankalin sanin cewa ko ya ɓarar yau, gobe ma zai fito.

Ko namu na gida, Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, da ya je Leicester ta Ingila a 2016 benci ya so ya cinye shi. Sai da ya koma CSKA ta Mosko aro a watan Janairun 2018 ya riƙa buga wasa a kai a kai, kuma a watan Yunin wannan shekarar ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya. Idan har zaman benci zai dusashe ɗan wasan da ya riga ya yi suna, ina ga yaron da bai gama sanin kansa ba?

Akwai kuma batun lissafi, wanda mu 'yan kasuwa muka fi kowa saninsa amma muke mantawa da shi a bakin fili. Babu wanda zai zauna kasuwa kwana uku bai yi ciniki ba ya ce hajar ba ta da kyau, ya zubar. Cin ƙwallo abu ne da ba ya faruwa da yawa. Ɗan wasan gaba da ke cin ɗaya a kowane wasa biyu gwani ne a ko'ina cikin duniya, wanda ke nufin cewa gwanin ma yakan yi wasa uku ko huɗu a jere bai ga raga ba. Amurkawa suna da wani wasa da ake kira besbol, inda ake jefo wa mutum ƙwallo ya doke ta da gora. A wannan wasa, wanda ya dace sau 3 cikin 10 ana lissafa shi cikin ƙwararru, kuma ƙungiyoyin manyan jami'o'insu sukan buga har wasa 56 a kaka guda, duk da haka masu horaswarsu suna fama da wannan tambaya ta yaron da ya shiga kantar rashin sa'a. Willie Mays, ɗaya daga cikin manyan gwanayen wasan, da ya fara a 1951 sau 12 na farko bai dace ko sau ɗaya ba, amma mai horaswarsa Leo Durocher ya ƙi cire shi. To su ke nan masu wasa 56. Mu kuwa gasarmu ta azumi ko ta bayan salla sau da yawa ta sili-ɗaya-ƙwale ce, wasa huɗu ko biyar an gama, kuma a kan wasa biyu daga ciki muke yanke wa yaro hukunci.

Abin mamaki shi ne, a cikin shago ba haka muke yi ba. Maigidan da ya ɗauko yaro daga gida ba ya damƙa masa motar dabino daga Tamanrasset zuwa Agadas a watansa na farko, ba ya kuma ajiye shi a bayan shago shekara biyu yana kallo. Yakan ba shi katan biyu na taliya ko 'yan gwangwanayen madara ya zaga da su, ya dawo da kuɗi ba su cika ba, a yi masa faɗa, gobe a sake ba shi. Da haka ake gane wanda ya yi kuskuren canji da wanda hannunsa ba shi da kyau. Wannan giɓi na watannin farko kowane maigida ya san kuɗin makaranta ne. Me ya sa idan aka zo fili sai mu ce ba mu yarda da kuɗin makaranta ba?

To sai dai dole a yi wa masu horaswa adalci. Ba kowane yaro ne Osimhen ba. Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2007, Sani Emmanuel kuma shi aka zaɓa gwarzon ta 2009 da aka yi a Nijeriya, amma dukansu biyu ba su kai inda aka yi musu zato ba. Sannan ƙungiya ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai wani yaron a benci da shi ma yake zuwa atisaye kullum, kuma duk mintin da aka ba wancan, wannan aka hana. Idan mai horaswa ya nace wa yaro guda har ƙungiya ta fita daga gasa, sauran goma da suka yi gumi suna da haƙƙin su tambaye shi dalili. Mafi muni kuma shi ne inda ake barin yaro a fili saboda ɗan maigida ne ko ƙanensa. Wannan son kai ne, kuma yaran suna ganewa tun kafin manya su gane.

Saboda haka ba cewa muke a bar kowa a fili har abada ba. Abin da muke nema shi ne a san abin da ake dubawa. Mai horaswan da ya san aikinsa ba ƙwallon da ta shiga raga kaɗai yake ƙirgawa ba. Yakan duba ko yaron yana isa wurin da ƙwallo za ta faɗo, ko yana neman a ba shi, ko yana komowa baya ya taya abokansa idan an ƙwace. Yaron da ya sami dama huɗu ya ɓarar da su duka yana kan hanya, domin samun damar ita ce mai wuya. Wanda ya kamata a damu da shi shi ne wanda ya fara ɓuya a bayan mai tsaron baya don kada a ba shi ya ji kunya. Shi wannan hutun wasa ɗaya ko biyu zai iya yi masa amfani, in dai an zaunar da shi an gaya masa dalili da ranar da zai dawo. Abin da ke kashe wa yaro gwiwa shi ne ya zo fili ya tarar babu sunansa, kuma babu wanda ya ce masa uffan.

Ƙasar da muke zaune a cikinta ta nuna mana abin da haƙuri da yara yake haifarwa. Ƙungiyar Paradou da ke babban birnin Aljeriya ta buɗe makarantar ƙwallo a 2007 tare da Bafaranshen nan Jean-Marc Guillou, ta tara yara ƙanana, ta yi shekaru tana horas da su, sannan ta sa su a babbar ƙungiyarta suna da ƙuruciya. Ta hau rukuni na ɗaya a 2017, ta zo ta uku a 2019. Daga can Ramy Bensebaini da Youcef Atal suka fito, haka ma Hicham Boudaoui, ɗan garin Beshar da ke bakin sahara, kuma su ukun suna cikin tawagar da ta ci kofin Afirka a Masar a 2019. Ba ma zaton wata ƙungiyar unguwa a Tahaggart za ta zama Paradou, amma darasin bai fi ƙarfinta ba.

Muna kira ga iyayen gidan ƙungiyoyi da su zauna da masu horaswarsu tun kafin a fara gasa, su yarda cewa duk yaron da aka ga yana da ƙafa za a ba shi wasa biyar ko shida a jere, har da na sada zumunci, a kuma gaya masa hakan a gaban abokansa. Idan wa'adin ya cika a zauna a duba. In ya yi, madalla. In bai yi ba, a nema masa wata ƙungiya da zai riƙa bugawa, kamar yadda Wolfsburg ta yi da Osimhen, ko kuma a gaya masa gaskiya ya mai da hankali ga karatu ko sana'a. Tun 2022 dokar ƙwallo ta tabbatar da damar sauya 'yan wasa biyar a wasa guda, don haka uzurin cewa babu gurbin da za a sa yaro ya yi rauni. Masu shirya gasa kuma su rage dogaro da sili-ɗaya-ƙwale, su koma ga tsarin da kowace ƙungiya za ta kara da kowace, ko da kuwa kofin zai ƙanƙanta. Maigida kuma, in ya biya kuɗin riguna, ya bar wa mai horaswa zaɓen 'yan wasa.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan wasan yara? Wanda ya san wannan gari ya san abin da ke jiran saurayin da ya rasa abin da zai riƙe shi da yamma. Ga masu kiran kansu dillalan 'yan wasa da ke karɓar kuɗin iyaye da alƙawarin kai yaro Turai, alhali dokar hukumar FIFA ta hana sayar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Ga ramukan zinari irin na Cibarakatan da suke kwasar samari tun 2014. Ga kuma hanyar arewa, wadda da yawa daga masu bin ta suke ƙarewa a bakin iyaka suna takawa a ƙasa zuwa Asamaka.

Akwai kuma ribar da yawancin iyayen gidan ƙungiyoyi ba su san da ita ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙasarta, ta kuma yi wa yaron lasisi da sunanta, ita kaɗai ke da hurumin neman wannan kuɗi. Don haka masu ƙungiyoyi a Agadas da Maraɗi da Katsina da Kano, su tuntuɓi ofishin hukumar ƙwallo na yankinsu su ji abin da rajistar take buƙata, kafin kakar wasa mai zuwa.