Kafin a fasa dutsen farar ƙasa, a tambayi inda ruwanmu yake bi



Ana yi wa jiharmu ta Nasarawa kirari da gidan ma'adanai, kuma akwai dutsen farar ƙasa a wajen Awe da marmara a wajen Toto. Duk wanda ya ji sunan wannan dutse, siminti yake tunowa. Ni kuwa ruwan sha nake so mu tuna.

Dutsen farar ƙasa yana narkewa. Ruwan sama yana kwaso iskar kabon daga sama da kuma cikin ƙasa, sai ya ɗan yi tsami. Idan ya shiga tsagar dutsen sai ya riƙa cinsa a hankali, shekaru dubbai, har tsagar ta zama kogo, rafi ya nutse ya koma gudu a ƙarƙashin ƙasa. Wani lokaci rufin kogon ya burma, rami ya buɗe a tsakiyar gona. Masana suna kiran irin wannan ƙasa kast, daga sunan wani yanki a Silobeniya. A Sakkwato, dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi yana riƙe ruwan da rijiyoyi da maɓuɓɓuga na yankin suke samu.

Haɗarin shi ne, yashi yana tace ruwa, amma kogo ba ya tacewa. Ƙazantar da ta shiga rami yau tana iya fitowa a rijiyar wani ƙauye cikin 'yan kwanaki. A shekarar 2000, a garin Walkerton na Kanada, kashin shanu ya bi tsagar dutse bayan ruwan sama mai yawa ya shiga rijiyar gari. Mutum 7 suka rasu, fiye da 2,000 suka kwanta ciwo.

Ba na ƙin kamfani, matasanmu suna bukatar aiki. Amma kafin masu unguwanni da dagatai su sa hannu a ba da fili, ko a nan Kokona ko a wata ƙaramar hukuma, su nemi rahoton binciken muhalli da doka ta wajabta, a karanta wa jama'a da Hausa. A faɗa mana wace rijiya za ta ƙafe idan aka zuƙe ruwan ramin haƙa, kuma wa zai biya. Mu ma mu daina haƙa masai da zuba shara kusa da rijiya.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kare mana ruwanmu.