Tsohuwar Ma'adana, Amanar Mutum Biyu

Tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina bai wa babbar manhajar Windows 10 kulawar da ya saba, ake ta yi wa masu tsofaffin kwamfutoci kallon waɗanda zamani ya wuce. Ni ban yarda da wannan kallo ba. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri, da malamin da ke tsara jarrabawa, da mai shagon buga takardu a bakin sakatariya, ba kowannensu ke da halin sayen sabuwa ba. Sau da yawa kuma kwamfutar lafiyarta ƙalau, abin da ya gaji a cikinta shi ne babbar ma'adana, wato faifan da ke riƙe da manhajoji da duk abin da aka ajiye. A sauya shi da na hannu, sai ka ga kwamfuta ta farfaɗo. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, sai dai ita wannan zumar tana da sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko shi ne kada a yi cinikin biri a sama. Kafin ka nufi titin Beirut a Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, buɗe na'urarka ka ga irin bakin da take da shi. Idan waya ce mai faɗi kamar ɗamara, mai ramuka 40, to tsohon tsarin IDE ke nan. Idan siririya ce mai ƙaramin baki, SATA ce, wadda ta fara yaɗuwa daga 2003. Girman ma ya bambanta: kwamfutar tebur tana ɗaukar mai inci 3.5, ta cinya kuma mai inci 2.5. Akwai kuma iyakar da tsufa ke gindayawa, domin wasu kwamfutocin farkon shekarun 2000 ba sa ganin abin da ya haura gigabait 137, komai girman faifan da aka sa musu.

Sharaɗi na biyu shi ne gwaji a gaban mai kaya. Ma'adana tana rubuta tarihin lafiyarta da kanta ta hanyar tsarin da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta irin su CrystalDiskInfo na karanta shi cikin minti ɗaya. Abu biyu nake so mai saye ya duba. Na ɗaya, sa'o'in da faifan ya yi yana aiki. Shekara guda tana da sa'o'i 8,760, saboda haka faifan da ya nuna 26,000 ya yi kusan shekara uku yana juyi ba dare ba rana. Na biyu, adadin gurabun da suka lalace har aka yi musu canji. Idan akwai su, musamman idan suna ƙaruwa, ajiye masa kayansa ko da kyauta ya ba ka. A sani kuma marasa tsoron Allah na iya goge wannan ƙididdiga, don haka a haɗa da kunne: faifan da ke ƙas-ƙas yana juyi, ajalinsa ya kusa.

Ɗaurawar ba ta da wuya. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango, a cire batir idan ta cinya ce, sannan a taɓa ƙarfen jikin akwatin domin sauke tartsatsin da jikin mutum ke tarawa, wanda ya fi yawa a lokacin hunturu. A ɗaure faifan da sukurorinsa duka, domin abin da ke juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya ba ya son jijjiga. A kwamfutar tebur waya biyu ake jonawa, ta wuta da ta bayanai. Masu IDE suna da ƙarin aiki: a bayan faifan akwai wata 'yar hular roba da ke nuna wanda ke gaba da wanda ke biye idan faifai biyu suka haɗa waya ɗaya. In aka ba su matsayi guda, kwamfuta na iya ƙin ganin ko ɗaya, mutum ya zaci an sayar masa da matacce.

Da an kunna, sai a shiga BIOS ta hanyar danna F2 ko F10 ko Del, gwargwadon ƙirar na'urar, a tabbatar sunan faifan ya bayyana. Idan ƙari ne a kan wanda ke ciki, a sashen kula da faifai na Windows ake raba shi a ba shi harafi. Idan kuwa shi zai ɗauki babbar manhaja, tsohuwar BIOS ta fi sanin tsarin MBR, wanda ba ya wuce terabait 2. Na'urar da Windows 11 ta ƙi karɓa kuma, Linux Mint ko Lubuntu za su rayar da ita ba tare da an biya ko kwabo ba.

Yanzu ga inda nake so mu dakata. Faifan hannu ba ya zuwa fanko. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT da ke Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan tsofaffin faifai 158 da suka saya. Guda 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A cikin sauran sun tsinci dubban lambobin katin banki da bayanan marasa lafiya. A 2009 kuma wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi faifai a Ghana, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na gwamnatin Amurka a ciki. Idan haka ta faru da manya, ina ga hotunan iyalin wani bawan Allah da ya kai kwamfutarsa gyara?

Dalilin shi ne, gogewar gaggawa tamkar yage shafin ƙumshiya ne daga littafi: babobin suna nan daram, jerin sunayensu kawai aka cire. Cikakkiyar gogewa, tun daga Windows Vista, ita ce ke bin faifan gurbi-gurbi tana shafe abin da ke ciki, tana kuma tona wuraren da suka lalace. Takan ci sa'o'i, don haka a tanadi wutar da ba za ta yanke ba. Amma da ita ka rufa wa tsohon mai shi asiri, ka kori duk wata muguwar manhaja da ta biyo kayan, ka kuma gwada ƙarfin abin da ka saya. A ganina leƙa abin da ke cikin faifan wani daidai yake da leƙa ɗakinsa. Ka sayi ƙarfen ne, ba ka sayi sirrinsa ba. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba ta tsaye a kanka lokacin da kake kai kaɗai a gaban allo. Tarbiyya ce ke tsaye.

Amana ta biyu taka ce. Tsohon faifai, komai kyawun sakamakon gwajinsa, zai mutu wata rana ba tare da sallama ba. Duk abin da rashinsa zai sa ka kuka, kundi ne ko lissafin shago, ya kasance yana da kwafi a wani wuri dabam. Wanda kuma aljihunsa zai iya, ƙaramin SSD mai bakin SATA zai fi ba tsohuwar kwamfuta sauri. Ranar da za ka rabu da naka faifan, ka goge shi kamar yadda kake fatan wanda ya riga ka ya goge nasa.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.