Mas'alar Iko A Kan Hajji, Da Tsadar Kujera A Wannan Zamani

 

Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da ta yawaita a zaurena bayan sallar asuba. Mutum ya kan zo ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shekara da shekaru ina tarin kuɗin Hajji, kullum na kusa cikawa sai kuɗin kujera ya yi gaba ya bar ni. Shin ina da laifi in na mutu ban je ba? Ko kuwa in ci bashi?" To, ni da a ke tambaya ciwon nan yana jikina, gama na haura hamsin ban ga Ka'aba da idona ba. Abin da na tara daga kuɗin Laraba da ɗan amfanin gona, wanda ya kai rabin kujera a 2023, shekara biyu bayan nan ko humusinta bai kai ba.

Ku dubi lissafin. A 2023 kujera ta tsaya wajen naira miliyan 3. A 2024 aka fara sanar da kusan miliyan 5, sa'an nan cikin watan Maris aka ce kowa ya ƙaro wajen miliyan 2, duk da naira biliyan 90 da gwamnatin tarayya ta zuba don rangwame. A 2025 ta wuce miliyan 8. Asalin abin kuwa, a watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala ɗaya da a ke samu wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Jirgi da masauki a Makka da Madina da tantin Mina da guzuri, duk da dala da riyal a ke biyansu, mu kuwa da naira mu ke tari. Shi ya sa kujera 95,000 da Saudiyya ta ba Nijeriya a 2024 ba a iya cika su ba, alhali dā kokawa a ke yi kansu.

Ku sani, ya 'yan'uwa, Allah Maɗaukaki bai wajabta Hajji a kan kowa da kowa ba. A cikin Suratu Ali Imrana, aya ta 97, ya rataya wajibcin ga wanda ya sami ikon zuwa. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun fassara ikon nan da amincin hanya ga rai da dukiya, da lafiyar jiki, da yiwuwar isa ba tare da wahala mai tsanani ba. Ba su sharɗanta abin hawa ba. A wurinsu, wanda ya ke iya tafiya a ƙasa, yana kuma da sana'ar da za ta ci da shi a hanya, to, mai iko ne.

Da wannan fatawa kakanninmu suka yi aiki. Su kan fita daga Kano su bi Borno, su ƙetare zuwa Fort Lamy wadda a ke kira Injamena yanzu, su bi Abashe ta Wadai, su shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, su wuce Kurdufan har Hartum, sa'an nan Sawakin, inda za su hau jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Maɗinki yana ɗinki, wanzami yana aski, malami yana karantarwa, wasu su tsaya tsinkar auduga a Jazira su sami na gaba. Wani ya shekara uku, wani bakwai, wani ya zauna can har abada. Daga cikin irin waɗannan, da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno, Hausawa da Fulanin Sudan suka yawaita.

Amma hanyar nan ta toshe. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afirilu na 2023 ya ci Jinaina da Fashir da Hartum, watau ainihin zangunan alhazan dā. Ko da babu yaƙi ma, ba mai shiga Makka lokacin Hajji sai da biza da izni. Saboda haka ƙarfin ƙafa da sana'ar hannu, waɗanda suka isar wa kakanninmu, ba su isar mana. Iko a zamaninmu ya koma ga kuɗin kujera, da lafiya, da samun izni. Hukunci bai sāke ba, hanya ce ta sāke. Daga nan mutane suka kasu uku.

Na farko shi ne wanda abin hannunsa bai kai ba. Wannan babu wajibci a kansa, babu laifi in ajali ya riske shi, kuma muna yi masa fatan ladan niyyarsa. A Muhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa Hajji ba ya wajaba ta hanyar bashi ko roƙo. Ina ga bashin ruwa, wanda haramun ne tun asali? Kada kuma wani dillali ya ruɗe ka da bizar ziyara ya ce ka ɓuya har ranar Arfa. A Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50, hukumar Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari nasu marasa izni ne, ba su da tanti ba su da mota. Allah ya jiƙansu. Wanda kuma kunyar rashin sunan Alhaji ta ke damu, ya tuna Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, ya rasu a 1817 bai sami zuwa Hajji ba, ba kuwa wanda ya ce addininsa ya tauye.

Na biyu shi ne wanda ya ke da hali bai taɓa zuwa ba, yana cewa bari naira ta farfaɗo. Kai ɗan'uwa, wa ya ba ka lamunin baɗi? Malamai sun yi saɓani ko wajibcin na gaggawa ne ko da jinkiri, amma fita daga saɓani shi ne gaggautawa. Ka tuna a 2020 da 2021, saboda annobar korona, ba baƙon da ya shiga daga wata ƙasa, mai kuɗi da matalauci duk suka zauna gida. Tsada ba uzuri ba ce ga wanda rumbunsa ya ke cike.

Na uku su ne attajirai masu komawa kowace shekara. Ba mu hana alheri ba, Hajjin nafila ibada ce babba. Sai dai an ruwaito daga Imamu Malik cewa ya fi son Hajji a kan sadaka, in ba a shekarar yunwa ba. To, a tsakiyar 2024 lissafin gwamnati da kanta ya nuna tsadar abinci ta ƙaru da wajen kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, mu kuwa masu tsangaya mun ga alamarta a ƙoƙon almajirai. Kowane attajiri ya dubi unguwarsa ya yi wa kansa fatawa tsakaninsa da Allah. Kuɗin kujera guda ya isa ya ciyar da gidaje, ko ya fid da maƙwabci daga bashin asibiti, ko ya kai wani dattijo da bai taɓa zuwa ba ya sauke farali.

Shawarata ga masu tari irina ita ce kada a bar kuɗi kwance a asusu yana narkewa. A mai da shi dabba ko zinariya ko hajjar da mutum ya san kasuwarta, kuma a sani kuɗin Hajji bai kuɓuta daga zakka ba in ya kai nisabi shekara ta kewayo. Ni dai na sayi 'yan tumaki, na bar sauran ga Mai kira.

Allah ya kira mu Ɗakinsa da halal, ya karɓa wa waɗanda suka je, ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, amin. Haza wassalamu.