Tocila Mai Sabon Ƙwai Da Cinikin Hatsi Da Dare

Yau ba farashin buhu ya kawo mu ba, 'yar tocilar aljihu ce, wadda kowannenmu ke zarowa in mota ta iso bayan magariba.

Tun daga nan Unguwar Gabas har kasuwar Sabon Gari da Samaru, yayi ya shigo. Mutum ya ɗauki tsohuwar tocilarsa ta ƙarfe, irin Tiger Head ɗin nan mai cin manyan batura biyu, ya kai wa mai gyaran rediyo, a cire ƙwan nan mai zare, a liƙa masa sabon ƙwai mai ƙarfi da a ke kira LED. Mu ma mun kai tamu, ba mu ɓoye ba. Haske kuwa sai wanda ya gani: daga bakin sito ka ke ƙirga buhunan da ke can ƙurya, batir kuma ya daɗe, domin tsohon ƙwai yawancin wutar da ya ke sha zafi ta ke zama, kaɗan ce ke zama haske. Ga wanda wutar NEPA ba ta kwana a shagonsa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ko kusa ba mu ce a daina ba.

Amma fa akwai magana. Kakar bara mota ta zo mana da masara da dare, mai kaya na sauri zai koma. Muka soka buhu, muka zuba a tafin hannu, muka haska da sabuwar tocila, ga masara fara fat. Aka yi ciniki, aka biya la'ada, 'yan dako suka sauke buhu 40. Gari na wayewa muka buɗe, sai ga ta ta yi duhu-duhu, wasu ƙwayoyin da jan tabo irin na wadda ruwa ya taɓa a gona. Masu haɗa abincin kaji da mu ke kai wa suka ce ba su ɗauka a kuɗin fara. Ba za mu ce mai kaya ya cuce mu ba, tare muka duba, da tocilarmu kuma. Ita ce ta yi mana shaidar zur.

Da muka bi diddigi, ga abin da muka samu. Farin ƙwan LED a asalinsa shuɗi ne. Waɗansu masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka gano yadda za a yi shuɗin, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Sai a shafa wa shuɗin nan wata hoda mai bayar da rawaya, su haɗu ido ya ga fari. To, mai arha da ke cika kasuwa shuɗinsa ya rinjaya, jan da ke cikinsa kuwa kaɗan ne. Abin da ya ke ja ko ƙasa-ƙasa sai ya dushe, abin da ya ke fari-fari sai ya ƙara fari, kamar rigar da aka sa wa bula. Mu kuwa launi mu ke saye. Da launi a ke raba kaura da farafara, da shi a ke gane waken da ya kwana biyu a rumbu, da masarar da fumfuna ta fara kamawa. Tsohon ƙwai shi ma ba mai gaskiya ba ne ƙwarai, farin hatsi ya kan mai da shi rawaya-rawaya, amma kuskurensa mai saye ya ke sa wa taka tsantsan. Na yanzu mai saye ya ke rufe wa ido.

Sa'an nan ƙarfin ma ya kan yi yawa. Ka kafa shi kan tafin hannu, hatsi ya yi ƙyalli, ido ya ɗauke, hujin ƙwaro a jikin wake ba ka gani. Dabarar tsofaffinmu ita ce a haska daga gefe, a kwance, inuwa ta faɗa cikin hujin. Wannan ƙaramin haske ya ke so.

Saboda haka wanda zai kai gyara, ya tambayi abu uku. Na fari launin ƙwan. A jikin kwali a kan rubuta lamba da harafin K: 6500 shi ne mai shuɗi-shuɗin nan, 4000 ya fi kusa da abin da mu ke bukata. In an rubuta CRI 90 ko sama, watau yana nuna launi kusa da yadda ya ke, shi za a ɗauka ko da ya fi tsada. Na biyu, a sa masa 'yar na'urar da ke daidaita wuta, mai ƙarami da babba. Ƙwan nan wajen bolt 3 ya ke so, batura biyu sababbi iyakarsu ke nan, suna fara sanyi haske ya faɗi. Shi ya sa masu gyara ke komawa batirin caji da a ke kira 18650, wanda su kan ciro daga tsohon batirin kwamfuta, in ya cika ya kan kai bolt 4.2. A haɗa shi kai tsaye ba mai tsare wutar, ƙwai ya sha fiye da ƙima, ya ƙone. Kuma shi wannan ƙwai ta baya ya ke fitar da zafinsa, dole a zaunar da shi kan faifan alminiyon mai taɓa jikin ƙarfen tocila. A gidan roba kuwa, kada ma a fara.

Na uku shi ya fi damunmu: batirin. Irin wannan in ya huje, ko wayoyi suka haɗu, ko aka cika masa caji ba kariya, wuta ya ke kamawa, ba ta kashuwa da sauƙi. Babban kamfani kamar Samsung ma sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 a 2016 saboda batir, balle wanda aka naɗe da salatif a gindin bishiya. Mun ga yaran shago suna jona tocila a caji su ɗora kan buhu, su kulle sito su tafi gida. Buhun leda ne fa, ga busasshen hatsi, ga dukiyar mutane da aka ba mu amana. A sa batir mai kariya, a yi caji a ƙasa kan siminti, ido na kai.

Ga shawarar da mu ke kai wa shugabannin 'yan hatsi da dillalai: kayan da ya iso da dare a sauke, a ƙirga da tocila, a rubuta, amma yanke farashi sai rana ta fito. In mai kaya ba zai kwana ba, a ɗebi tiya guda daga buhuna daban-daban a ƙulle gaban shaidu, a bar wani abu cikin kuɗin sai an duba da safe. A sitonmu haka mu ke yi tun daga waccan mota. Tocilar mun mayar wa mai gyara ya canja mata ƙwai mai 4000, mai shuɗin kuwa mun sa an ɗaura wa ta maigadi.