Wasiƙa ga Masu Shirin Hawa Babur a Tseren Dakar



In kun zauna hirar Dakar, gudu kuke fara ambata: wane ya taka nawa, injin wane ya fi ƙarfi. Ni kuwa lissafin waɗanda suka isa nake so ku riƙe. Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Aljeriya, suka biyo ta Agadez da Yamai, suka shiga Mali. Guda 74 kaɗai suka ga Dakar. Cyril Neveu, wanda ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500, bai ci ko zango ɗaya ba a duk tafiyar. Bai ɓata sosai ba, bai karye ba, babur ɗinsa bai mutu ba, shi ke nan. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Ku fara da karatun takardar hanya tun kuna gida. Ita ce ke gaya muku kilomita nawa ya rage kafin kwana, ina rami yake, wace fuska za ku dosa in hanya ta ƙare sai yashi. Ku saba da duba ta kuna tsaye bisa matakai, babur na rawa, har ido ya iya sauka ya ɗago cikin ƙiftawa. Kada sawun taya ya yaudare ku, domin sau da yawa wanda ke gaba shi ma ɓatacce ne, sai a wayi gari mutum goma sun bi shi cikin kwarin da ba ya fita ko'ina. In lissafi ya rikice, ku tsaya, ku koma wurin ƙarshe da kuka tabbatar. Thierry Sabine da kansa, wanda ya ƙirƙiro tseren, ɓata ya yi da babur a hamada a 1977, lokacin tseren Abidjan zuwa Nice, sai da aka nemo shi ta sama.

Batun ruwa ba na son ku ɗauke shi da wasa. Iskar gudu tana busar da zufa nan take, mutum ba ya jin yana rasa komai har sai kai ya fara nauyi, lissafi ya fara kuɓucewa. Ku sha kafin ƙishirwa ta zo, ku haɗa da ɗan gishiri da sukari. A 2015, a Ajantina, zafi da ƙarancin ruwan jiki suka kashe Michal Hernik ɗan ƙasar Folan, kuma gawarsa ba ta da nisa da hanya. In babur ya lalace, ku zauna kusa da shi, ku yi inuwa, ku danna na'urar neman agaji. Jirgi mai saukar ungulu ya fi saurin hango babur a kan mutum guda mai yawo a ƙasa.

Da kun sauka a sansani, babur ne farko, kafin wanka, kafin abinci. Matatar iska, man inji, sarƙa, wayoyin taya, kowane noti da girgiza za ta iya kwancewa. Masu shiga rukunin da ba a yarda da makaniki ba, wanda aka fi sani da Malle Moto, sun san wannan a jikinsu, tunda akwati ɗaya ne rabonsu, sai hannuwansu. Amma ku gama da wuri ku kwanta. Barcin da kuka ci bashi a daren nan, gobe da la'asar za ku biya shi a kan dutse. Fabrizio Meoni ya ci tseren a 2001 da 2002, ya rasu a Muritaniya a 2005. Ƙwarewa ba ta kare kowa daga sakan ɗaya na sakin hankali. Rigar kariya mai kumbura da iska in an faɗi, wadda aka wajabta tun 2021, ku sa ta ko da zafi ya dame ku.

In kun tarar da ɗan'uwa a kwance, ku tsaya. Paulo Gonçalves ɗan Fotugal yana kan gaba a 2016 ya tsaya wa Matthias Walkner da ya karye a cinya, alƙalai kuma suka mayar masa da lokacinsa. Da ajalinsa ya zo a Saudiyya a 2020, shi ma mahaya ne suka ajiye tsere suka tsaya a kansa.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Ku kun sa hannu a takarda, kun yarda da haɗarin. Yaron da ya fito kallo bai sa hannu a komai ba. A 1988 motar tsere ta kashe yarinya a Mali. A 2006 yara biyu suka rasu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Tseren Dakar ya bar Afirka bayan soke na 2008, ya tafi Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya, amma Africa Eco Race na nan tana ratsa Maroko da Muritaniya zuwa Senegal, ƙauyukan ma suna nan da yaransu da awakinsu. Wurin da kuke gani fili, ga makiyayi hanyar rijiya ce. Inda takardar hanya ta ƙayyade gudu, na'ura tana rubuta komai, ana kuma hukunta mai laifi da mintoci. Ni ina roƙonku ku rage tun kafin alamar, ko babu mai dubawa. Yaro in ya ga ƙura daga nesa, wajenta yake rugawa, kuma wanda ya tsallaka a gabanku sau da yawa ƙaninsa na biye da shi. Ku sa yatsu biyu a kan birki har sai bukkar ƙarshe ta koma bayanku.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku ga iyalanku.

Wassalam.